NAZARI: Daga New Orleans zuwa Naraguta: Ina hukumomin ƙwallo ke kai fushin 'yan kallo?

A kowace shekara, daga watan Janairu zuwa farkon Fabrairu, hankalin Amurkawa kan koma kan wasannin sili-ɗaya-ƙwale na gasar NFL, wato ƙwallon zari-ruga irin tasu, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita. Ƙungiyoyi 14 daga cikin 32 ne ke shiga wannan zagaye, duk wadda aka doke ta tattara komatsanta, har a kai ga wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl. Wanda aka buga a ranar 9 ga Fabrairun 2025, inda Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22, mutum fiye da miliyan 127 ne suka kalle shi a Amurka kaɗai. A cikin 'yan wasan da suka ɗaga kofin a wannan dare har da Moro Ojomo, haifaffen Legas.

A Naraguta, unguwar da ke arewacin birnin Jos a kan hanyar Bauchi, wannan wasa bai cika tara jama'a ba. Ana take shi ne da misalin ƙarfe sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya, lokacin da sanyin hunturun Filato ya riga ya kora kowa ɗaki, masu gidajen kallon ƙwallo kuma sun kashe janareto. Amma tambayar da ke tasowa a Amurka washegarin kowane irin wannan wasa, tambaya ce da mutanen Jos suka daɗe da sani: idan magoya baya suka tashi daga wasa da yaƙinin cewa an zalunce su, wa zai saurare su, kuma me zai canza?

Amsar da hukumomin ƙwallon Najeriya suka saba bayarwa ita ce tara, da zabge maki, da korar ƙungiya daga filinta. An sake ganin haka bayan tarzomar ranar 12 ga Oktoban 2025 a Kano. Kwatanta wannan amsa da ta Amurkawa zai nuna abin da ya rage a yi, kuma kaso mai tsoka na abin da ya rage yana kan teburan jami'an gwamnatin tarayya ne.

Yadda Amurkawa ke huce haushinsu

Kada a ɗauka cewa ɗan kallon Amurka ya fi na Najeriya sanyin zuciya. A Philadelphia, hukumomin birni kan shafa wa turakun fitilun titi maiƙo kafin manyan wasanni don hana matasa hawa, amma duk da haka a Janairun 2025 wani ɗalibi mai shekara 18 ya faɗo daga kan turke yayin murnar nasara, ya rasu. A ranar 14 ga Fabrairun 2024, a wajen bikin murnar kofin da Chiefs ta ci a Kansas City, gardama ta kai ga harbe-harbe, mace ɗaya ta mutu, sama da mutum ashirin suka jikkata, da yawansu yara. Zafin kai a kan ƙwallo ba shi da ƙasa.

Bambancin yana wajen abin da hukuma ke yi bayan an tashi. A ranar 20 ga Janairun 2019, New Orleans Saints ta karɓi baƙuncin Los Angeles Rams a wasan neman gurbin Super Bowl. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, ana kunnen doki 20 da 20, sai ɗan bayan Rams, Nickell Robey-Coleman, ya bangaje Tommylee Lewis kafin ƙwallon da aka jefo masa ta iso, abin da dokar wasan ta haramta ƙarara. Alƙalai ba su busa ba. Rams ta yi nasara da ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Mutanen New Orleans suka harzuƙa: wasu suka shigar da ƙara a kotu, wasu suka sayi allunan talla suna zargin hukumar gasar, a ranar Super Bowl kuma dubbai suka ƙaurace wa talabijin suka fito tituna da kiɗa.

Kotu ba ta ba su komai ba. Sai dai kowa ya ga hoton bidiyon daga kusurwoyi daban-daban, shugaban gasar Roger Goodell ya fito fili ya amsa cewa an yi kuskure, sannan a watan Maris masu ƙungiyoyin suka kaɗa ƙuri'a 31 da 1 suka amince a riƙa duba irin wannan laifi a bidiyo. Gyaran bai yi armashi ba, domin ya haifar da sabbin gardandami, aka yi watsi da shi bayan kaka ɗaya. Duk da haka magoya baya sun ga cewa kokensu ya isa ɗakin da ake yanke shawara.

Shekara uku bayan nan aka sake. A ranar 23 ga Janairun 2022, Buffalo Bills tana gaba saura daƙiƙa 13 a tashi, Chiefs ta farke, ta ci canki-cankar fara riƙe ƙwallo a ƙarin lokaci, ta ƙare wasan da ci 42 da 36 ba tare da 'yan gaban Bills sun taɓa ƙwallo ba. Ƙorafi ya yi yawa cewa jefa sulalla ne ya raba gardamar. A watan Maris na wannan shekara aka sauya dokar, ta yadda a wasannin sili-ɗaya-ƙwale dole kowane ɓangare ya samu damarsa a ƙarin lokaci. Wannan gyaran ya zauna, kuma da shi aka ƙare Super Bowl na 2024. Magoya bayan Chiefs kuwa sun riƙa tura gudummawar dala goma sha uku-uku ga wani asibitin yara a Buffalo, tunawa da waɗancan daƙiƙoƙi.

Ba don tausayi NFL ke yin haka ba. Gasar ta 'yan kasuwa ce, kuɗinta mafi yawa daga tashoshin talabijin yake zuwa, ana kuma raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyin. Ranar da ɗan kallo ya daina yarda cewa a fili ake yanke sakamako, ranar ce hajar ta faɗi.

Garin da ya san ƙwallo

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mighty Jets ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, a zamanin 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Plateau United ta ɗauki kofin ƙalubale a 1999, ta kuma lashe gasar Firimiya a 2017 ƙarƙashin koci Kennedy Boboye, bayan ta doke Enugu Rangers da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na kaka a filin Rwang Pam. A titunan wannan gari John Mikel Obi da Ahmed Musa da Ogenyi Onazi suka fara murza leda. Kyaftin biyu na Super Eagles a jere daga gari ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Naraguta kuwa tarihinta ya girmi ƙwallon. Nan Turawan haƙar kuza suka fara kafa sansani a farkon ƙarni na 20, kafin cibiyar mulki ta koma cikin Jos. An san ta da dukawa masu aikin fata, a yau kuma tana maƙwabtaka da mazaunin dindindin na Jami'ar Jos. Wannan ya sa ta zama mahaɗar jama'a iri-iri: ɗalibai daga kowace kusurwar ƙasa, masu sana'ar hannu, 'yan Keke Napep, direbobin hanyar Bauchi. Tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, unguwannin Jos da dama sun rabu bisa addini, har akwai wuraren da mutum kan yi tunani sau biyu kafin ya shiga. A irin wannan gari, gidan kallon ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage inda Musulmi da Kirista ke matse kafaɗa a kan benci ɗaya, rabuwar da ke tsakaninsu ta koma ta ɗan Arsenal da ɗan Chelsea, ko ɗan Madrid da ɗan Barcelona.

An biya wannan benci da jini. A Disambar 2011 an tayar da bama-bamai a kusa da gidajen kallo a Jos lokacin da ake nuna wasan Real Madrid da Barcelona. A ranar 24 ga Mayun 2014, kwana huɗu bayan tagwayen bama-baman kasuwar Taminus da suka hallaka aƙalla mutum 118, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya nufi wani gidan kallo a hanyar Bauchi ana tsaka da wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Real Madrid da Atletico Madrid. Bam ɗin ya tashi kafin ya isa cikin taron. A watan Yunin wannan shekara aka kai makamancin harin a Damaturu ana kallon wasan Brazil da Mexico, mutane da dama suka rasu. Matakin da hukumomi suka ɗauka a wasu jihohi, ciki har da Adamawa da Filato, shi ne hana taruwa a gidajen kallo lokacin Gasar Cin Kofin Duniya. Da ƙura ta lafa, jama'a suka koma benci.

Abin lura shi ne, wasannin da suka koma kallo na Ingila ne da Sifaniya. A can ma alƙalai na kuskure, gardamar na'urar VAR kuma kan ci gaba har wajen mai shayi. Amma gardama ce ta mutanen da suka ga abin da idonsu, aka maimaita musu sau biyar a allo. Wasan gida bai cika ba su wannan damar ba.

Wasannin yanke hukunci a gida

Mafi munin misali yana ɗauke da sunan Filato. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa matakin ƙasa na gasar ƙwararru da aka buga a Bauchi, ƙungiyar matasan Plateau United da Police Machine sun yi kankankan a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka tashi matasan Filato sun ci Akurba 79 da nema, 72 daga ciki bayan hutun rabin lokaci, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema. Duniya ta yi wa Najeriya dariya. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada. Hukuncin ya dace da laifin, sai dai tabon da ya bari a zuciyar ɗan kallo bai goge da takardar hukunci ba.

A Afrilun 2016 aka tashi baram-baram a wasan Giwa FC da Rangers a filin Rwang Pam. Hukumar gasar ta lokacin, LMC, ta kori Giwa zuwa Ilori, ƙungiyar ta ƙi zuwa, bayan ta ƙaurace wa wasanni uku aka cire ta daga gasar. Kamar yadda aka yi a New Orleans daga baya, wani magoyin baya ya garzaya kotu a Filato, aka shafe watanni ana ja-in-ja. Giwa ba ta dawo ba, Jos ta rasa ƙungiya ɗaya a babbar gasa.

A Yunin 2019, a zagayen ƙungiyoyi shida na fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Rangers ta farke ƙwallon Kano Pillars a mintocin ƙarshe aka tashi 1 da 1. Magoya baya suka kutsa fili suka bi alƙalin wasa da gudu. Aka ci tarar Pillars naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasanni 12. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka sake cin tara da zabge maki uku, a ƙarshen kakar Sai Masu Gida ta faɗi daga gasar. A kakar 2024/25, Plateau United ta sanar cewa an ji wa ɗan wasanta Vincent Temitope rauni a wuya bayan wasa da Nasarawa United a Lafiya. Sai kuma ranar 12 ga Oktoban 2025, lokacin da Shooting Stars ta farke a daƙiƙoƙin ƙarshe a filin Sani Abacha, aka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar NPFL ta ci tarar naira miliyan 9 da rabi, ta zabge maki uku da ƙwallaye uku, ta mayar da wasannin gidan Pillars zuwa Katsina. Ahmed Musa, wanda ya zama babban manajan ƙungiyar 'yan watanni kafin nan, shi ya fito ya ba da haƙuri.

Shekara shida tsakanin Agege da Sani Abacha, ƙungiya ɗaya, laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya, adadin tarar ne kawai ya ɗan motsa.

Me ya sa tara ba ta yin magani

Babu mai hankalin da zai ce a bar wanda ya daki alƙali. Duk bacin ran da ɗan kallo ke ciki, jifa da duka laifi ne, kuma a lokuta da dama alƙalin bai yi kuskuren komai ba: farke ƙwallo a minti na ƙarshe wani ɓangare ne na wasa. Akwai kuma tsohuwar aƙida cewa mai gida ba ya rasa maki a gidansa, wadda ke sa a ɗauki canjaras kamar cin amana. Amma tarar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin tushen matsalar.

Na farko, yawancin ƙungiyoyi 20 na gasar mallakar gwamnatocin jihohi ne, Plateau United da Kano Pillars na ciki. Idan aka ci tararsu, daga baitulmalin jiha ake biya, wato daga aljihun ma'aikaci da ɗan kasuwar da ba su je filin ba. Wanda ya yi jifan yana gida, kuma da wuya a ji an gurfanar da shi har an yanke masa hukunci. Korar ƙungiya zuwa wani gari kuwa tana hukunta dubban da suka zauna lafiya a kujerunsu, da masu sayar da ruwa da gyaɗa a bakin ƙofa.

Na biyu, babu hujjar da kowa zai gani. Ba a amfani da VAR a gasar Firimiyar Najeriya, ba kuma kowane wasa ake ɗauka da kyamarori masu yawa ba. Idan aka busa abin da ake tantama a kai, mutum dubu goma za su fita da labari dubu goma, jita-jitar cin hanci kuma ta fi kowane labari saurin tafiya. Alƙalin kirki ma ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Rashin ganin alƙalin Najeriya ko ɗaya a Gasar Cin Kofin Afirka da aka yi a Kwadebuwa a farkon 2024 ya ƙara wa masu zargi ƙarfin baki.

Na uku, ƙorafi ba shi da ƙofa. Akan dakatar da alƙalai lokaci zuwa lokaci, amma ba a saba fitowa a nuna wa jama'a hoton abin da ya faru, a ce nan aka yi daidai, nan aka kuskure, ga kuma abin da za a sauya ba. Ɗan kallon da ya san ba mai sauraronsa ranar Litinin, shi ne ake tunzurawa cikin sauƙi ranar Lahadi. Mai haƙurin cikinsu kuma ya daina zuwa fili, ya koma gidan kallo.

Abin da ke hannun Abuja

Dokokin FIFA sun hana gwamnati tsoma baki a shugabancin hukumar ƙwallo, kuma Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta a Yulin 2014, lokacin da umarnin wata kotu a Jos kan shugabannin NFF ya jawo dakatar da ƙasar na ɗan lokaci. Wannan bai ɗaure hannun gwamnati a kan abin da yake haƙƙinta ba. A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya mayar da ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko. Dikko shi ne shugaban LMC a lokacin rikicin Giwa da na Agege, don haka babu wanda zai koya masa karatun matsalar.

Tsaron fili aikin 'yan sanda ne, su kuma na tarayya ne. Ana buƙatar tsari ɗaya na tsaron filayen wasa: tikiti mai lamba, masu kula da 'yan kallo da aka horar, kyamarar da za ta nuna fuskar mai jifa, da gurfanar da shi shi kaɗai a gaban kotu. Ingila ta bi ta wannan hanya bayan bala'o'in shekarun 1980, inda kotu ke iya haramta wa mutum ɗaya shiga filin wasa na shekaru. Majalisar Tarayya na da hurumin duba irin wannan doka.

Duk tallafin da gwamnati za ta ba gasar, ana iya ɗora shi a kan sharaɗin ɗaukar kowane wasa a bidiyo da kuma fitar da rahoton alƙalanci ga jama'a cikin 'yan kwanaki. Wannan bai kai VAR tsada ba, kuma shi ne matakin farko kafin a kai gare ta. Tashar NTA, wadda ke da cibiyoyi a faɗin ƙasa har da kwalejin talabijin a Jos, tana da kayan aiki da ma'aikatan da za a iya farawa da su.

Gidajen kallo su ma suna buƙatar a dube su a matsayin wuraren taruwar jama'a. Ba bam kaɗai ne haɗarinsu ba: a Afrilun 2017 wayar lantarki ta tsinke ta faɗa kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka mutu. Rajista mai sauƙi, ƙofar fita fiye da ɗaya, nisanta daga manyan wayoyin wuta da lambar jami'in tsaro mafi kusa sun fi umarnin rufewa amfani, musamman a gari irin Jos inda kowane wurin haɗuwa ke da daraja.

Ita kanta ƙwallon Amurka tana ƙara matsowa. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, yana jagorantar neman matasa a Afirka, an kuma yi sansanin NFL a Legas a 2024. Nau'inta marar bangaza, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun abokin karawa, zai shiga gasar Olympics ta Los Angeles a 2028, kuma tawagogin Najeriya na maza da mata ne suka lashe kofin Afirka a Alƙahira a 2025. NFL, kamar gasar Ingila kafin ta, tana neman idon matashin Naraguta ne. Filin Plateau United na hanyar Zariya bai fi tafiyar 'yan mintoci a Keke Napep daga unguwarsu ba. Ko zai je can ranar Lahadi ko zai zauna a benci ya kalli wasan wata nahiya, ya dogara ne a kan ko ya yarda cewa za a kare lafiyarsa, kuma idan aka yi masa kuskure wani zai fito ya amsa.